Yini Guda A Duwatsun Ushafa, Inda Maciji Ne Mai Gida

Ran wata Asabar cikin watan Yuni, bayan an sauko daga sallar asuba, na bi waɗansu matasan ma'aikata zuwa hawan dutse a ƙasar Ushafa, cikin yankin Bwari na Babban Birnin Tarayya. Hawan dutsen nan wata sabuwar al'ada ce da ta kama ma'aikatan Abuja. Mutum ya yi kwana biyar yana zaman kujera a ofis, ran Asabar sai ya ɗaura takalmi, ya rataya gorar ruwa, ya tafi ya wahalar da kansa a kan duwatsu, wai don lafiyar jiki. Da kakana zai ji ana biyan kuɗin mota don a hau dutse a sauko hannu rabbana, ba itace ba farauta, da ya ce a nema mana magani.

Ni dai ba motsa jiki ne ya kai ni ba. Abin da ya kai ni shi ne maganar macizai, wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a birnin nan. A watan Nuwamba na 2021 wata jami'ar sojan sama ta rasu bayan maciji ya sare ta a bayan gida, cikin gidanta na bariki. A ƙarshen Janairu na 2026 kuma wata matashiyar mawaƙiya ta rasu, ita ma a cikin ɗakinta aka sare ta. Allah ya ba iyalansu haƙuri. Duk sa'ad da irin wannan ya auku sai gari ya ɗauka, a yi mako guda ana jimami, masu feshin gida su yi ciniki, sa'an nan a manta. To, ni so na yi in gani da idona yadda mutanen da suke kwana suke tashi cikin macizai suke zama da su.

Daga Kubwa muka ɗauki hanyar Bwari, muka ratsa Dutsen Alhaji kasuwa ba ta ko fara ci ba. Da aka ambaci Bwari, inda hedkwatar hukumar JAMB take, sai wani a mota ya tuno mana da macijin nan na ofishinta na Makurdi, wanda wata ma'aikaciya ta ce ya haɗiye Naira miliyan 36 a 2018. Aka yi dariya, aka ce shi kaɗai ne macijin da 'yan Nijeriya suka so su gani ido da ido. Kafin a kai Bwari ake ratsewa zuwa Ushafa, kusa da madatsar ruwa ta Usuma wadda take shayar da birnin. Tsohon gari ne na Gbagyi, watau mutanen da Hausawa suka saba kira Gwari, ya kuwa yi suna wajen ginin tukwane. Nan aka kawo Shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agusta na 2000.

Mu goma sha huɗu ne. Jagoranmu wani dattijo ne manomin doya, gajere, ƙaƙƙarfa, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Yana sanye da dogon takalmin roba har gwiwa, da sanda a hannu, da adda a kafaɗa. Da muka gaisa bai dubi fuskokinmu ba, ƙafafunmu ya bi da kallo ɗaya bayan ɗaya, mai kambas, mai gajeren wando, har da wani mai silifa. Ya girgiza kai, ya kafa mana sharuɗɗa. A bi bayansa a jere, kada kowa ya saki turba. Kada a sa hannu cikin tsagar dutse ko ramin suri. In an tarar da gungumen itace kwance a hanya, a hau kansa a duba tukuna, kada a tsallake shi da ka. Na lura kuma bai ambaci sunan maciji ko sau ɗaya ba, sai dai ya ce "masu wurin". Wannan ya tuna mini da gidanmu, inda in dare ya yi ba a kiran sunan sai a ce igiyar ƙasa.

An yi ruwa da dare, saboda haka ciyawa jiƙe take, ƙasa tana ƙamshi. Muka wuce gonakin doya, kowane tuli da sandarsa ganye ya nannaɗe ta, muka wuce waɗansu mata da suka ɗauko itace a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi suke yi, sa'an nan muka fara hawa. Mun yi kamar rabin sa'a muna haki, rana ta fara zafi, sai dattijon ya tsaya cik a gefen wani falalen dutse, ya ɗaga hannu. Ya miƙa sandarsa wajen waɗansu busassun ganyaye da ke bakin turba, taku huɗu daga inda yake. Na duba, na sake dubawa, ban ga kome ba sai ganye. Can sai ganyen nan ya zama jiki. Kasa ce, kwance tana shan hantsi, kaurinta ya kai damtsen ƙato, tsawonta bai cika mita ba, da faffaɗan kai da zane a baya wanda ba ka bambanta shi da ƙasar wurin. Da ni ne a gaba, wallahi da a kanta zan sa ƙafa.

A nan ne na ga halin mutanen birni ya fito fili. Wata budurwa ta ƙwalla ihu, ta juya ta faɗa cikin doguwar ciyawa da gudu. Wani saurayi ma'aikacin banki ya sunkuya ya ciccibo dutse. Wani kuma ya zaro wayarsa, ya fara matsawa yana neman hoto. Abin mamaki, wadda dattijon ya fi yi wa faɗa ita ce mai gudu, domin a cewarsa wadda muke gani ba ta da sauran haɗari, wadda ba mu gani ba cikin ciyawar da ta faɗa ita ce abin tsoro. Mai hoto kuwa da sanda ya tare shi a ƙirji. Sa'an nan ya juya wajen mai dutse.

"Ajiye dutsen nan, yaro. Me ta yi maka?"

"Baba, ai in muka bar ta wani za ta sara."

"In ka kashe ta, gobe wata ce za ta kwanta a nan. Duk dutsen nan nasu ne. Kai da ka zo da hantsi za ka koma da azahar, kai ne za ka raba su da shi?"

Saurayin ya ajiye, ba don ya yarda ba. Muka hau falalen dutsen muka zagaye ta da nisa, ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa sau ɗaya ta kumbura ta yi huci, ba ta ko gusa ba. Ba banza Bahaushe yake cewa wane ya yi barcin kasa ba. Amma ba barci take yi ba, dogara take yi ga launinta, ta tabbata ba a ganinta, shi ya sa ba ta gudu kamar sauran, shi ya sa kuma ake taka ta.

Da muka kai ƙololuwa muka zauna shan iska. Daga nan ana hangen ruwan Usuma shimfiɗe tsakanin duwatsu, can nesa kuma ga rufin kwano na unguwanni iyakar ganin ido. Na matsa kusa da dattijon na ce, "Baba, ke nan kai ba ka kashe maciji?" Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ya ce yana kashewa mana, ya kashe waɗanda bai san adadinsu ba. Wanda ya shigo tsakar gida, ko akurkin kaji, ko ɗakin da jikokinsa suke kwana, ba ya kwana da rai. Amma wanda ya tarar a dutse ko a bakin rafi, sai ya ba shi hanya. Akwai ma waɗanda yake bari da gangan kusa da rumbu saboda ɓeraye. Watau shi a wurinsa akwai iyaka tsakanin gida da daji, kowa kuma da inda yake da iko. Ya nuna rufin kwanon nan da sanda ya ce, "Malam, ku ne kuka ɓata iyakar. Kun kawo gidajenku cikin daji, sa'an nan kuka bar daji ya tsiro a bayan ɗakunanku."

Ban sami abin musu ba. Mai karatu ya tuna, ran 3 ga Fabrairu 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi doka mai lamba 6, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka yanki ƙasa kusan murabba'in kilomita 8,000 don sabon birni. Sunan ma aro aka yi daga tsohuwar Abuja ta Abu Ja, wadda ta koma Suleja. Gwamnati ba ta tare ba sai ran 12 ga Disamba 1991. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen miliyan 1.4 a yankin, tun daga nan kuwa Lugbe da Kubwa da Kuje da Gwagwalada sai cin daji suke yi. Inda duk ka ga rukunin gidaje a yau, jiya gonar doya ce ko kurmi. Katafila tana ture suri, tana fasa dutse, amma maciji ba a biya shi diyya ba, ba a kuma yanka masa fili a wani wuri ba. Da na faɗi haka cikin raha, dattijon bai yi dariya ba. Ya ce su ma da suke mutane, waɗanda aka tasa daga Wuse aka kai Sabon Wuse, a je a tambaye su yadda aka ƙare.

Sa'an nan ga abin da muke yi da hannunmu. Filin da mai shi ya kewaye ya tafi ya bar wa ciyawa shekara goma, da kangon da aka kai linta aka tsaya, da tarin bulo a bayan ɗaki, da juji a bakin kwata. Juji yana kiran ɓera, kwata tana kiran kwaɗo, su kuwa su ne abincin maciji. Murfin ramin masai ya fashe ba a gyara ba, bututu a buɗe, ƙarƙashin ƙofa hannu yana shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, balle wanda ya fi ƙadangare siranta.

A nan ya kamata in tona wa kaina asiri. Bara a gidan hayarmu, ni da maigadi da maƙwabta muka taru a kan wani maciji mai ruwan ƙasa da aka gani kusa da kicin. Muka yi masa rubdugu, aka zuba fetur aka ƙone, wata maƙwabciya tana rantsuwa turo shi aka yi. Na ɗauki hotonsa kafin a ƙone, sai na nuna wa dattijon a waya. Ya duba da kyau, ya ce, "Ai wannan ma'aikacinka ne ka kashe. Ba shi da dafi, ɓera yake ci." Na yi shiru, domin na tuna a daminar nan ɓeraye suka cinye mini wayar firiji da rabin buhun masara. Amma nan da nan ya gargaɗe ni kada in ce zan riƙa rarrabe su da launi. Shi ya yi shekara hamsin yana kallonsu. Wanda bai sani ba, ya ɗauki kowane maciji mai dafi ne, ya ja da baya.

Mu Hausawa dai tarihinmu ma da kisan maciji ya soma, tun da Bayajida ya sare kan Sarki a rijiyar Kusugu ta Daura. Amma akan manta cewa kafin baƙon ya zo, mutanen garin sun daɗe suna zaune da macijin, sun san ranar da ake ɗiban ruwa da ranar da ba a zuwa. A addini kuma malamai suna karantar da halaccin kashe maciji ko mutum yana cikin salla, suna kuma kawo batun yi wa macizan gida gargaɗi a Madina kafin a kashe su. Wannan fagen malamai ne, na bar musu.

Waɗanda suka fi yi wa mutane ɓarna a ƙasar nan uku ne, kowanne kuma da wurin da yake tare mutum. Kasa ta hanya ce, dafinta yana kumbura gaɓa, ya ruɓar da nama, har akan kai ga yanke ƙafa. Gamsheƙa ita ce mai shiga gida da dare bin ɓera da kwaɗo da ƙwan kaji, takan sari mutum yana barci a ƙasa, in an takura ta kuma ta fasa kai ta feso dafi a ido daga nisan mita biyu. Maganin farko na wannan feshi ruwa ne mai yawa, a yi ta wanke idon, sa'an nan a tafi asibiti. Ta ukun ita ce kububuwa, 'yar ƙarama, ba ta cika wuce tsawon kamu ɗaya da ɗan ƙari ba, amma ta fi sauran kisa a Nijeriya, musamman a Gombe da Taraba da kudancin Filato da kwarin Binuwai. Ita ce ake wa kirari da gobe da nisa. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum yakan tashi ya ci abinci ya yi hira, a ce ya warke, alhali kuwa jini yana zuba a cikinsa.

Da na ambaci kububuwa sai fuskar dattijon ta sake. Ya ce ɗan ƙanensa, saurayi mai mata da ɗa ɗaya, ita ta kashe shi lokacin sharar gona. An ɗaure ƙafar da igiya tamau, an yi tsaga, an manna baƙin dutse, an ba shi jiƙo ya yi ta amai. Kwana biyu yana zaune yana karɓar 'yan sannu. Ran na uku jini ya fara fita daga dasashinsa, tsagar da aka yi masa ma ta ƙi tsayawa. Kafin a sami mota a kai shi asibiti rai ya yi halinsa a hanya. "Ni na riƙe ƙafar aka tsaga," in ji shi. Bai ƙara kome a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa duk waɗannan abubuwa, ɗauri da tsaga da tsotsa da baƙin dutse, ba sa cire dafi, sai dai su ƙara ciwo su ci lokaci. Abin da ake so shi ne a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in kumburi ya zo, a hana gaɓar motsi kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ya taka da ƙafarsa ba. Ba sai an tsaya farautar macijin ba, domin a wurin farautar ake samun sara na biyu, kan maciji ma da aka datse yakan iya sara. To, me ya sa masu maganin gargajiya suke da shaidu da yawa? Dalili shi ne yawancin macizai ba su da dafin kisa, mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba kome ba. Irin waɗannan ko ruwan randa aka ba su za su tashi, sai yabo ya tafi ga mai magani. Wanda dafi ya shiga jikinsa da gaske kuwa ba ya dawowa ya ba da tasa shaidar.

Abin takaici shi ne ilmin wannan ciwo a ƙasarmu aka tara shi. A shekarun 1970 likita David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi bincike mai zurfi a kan saran kububuwa da kasa da gamsheƙa. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi har yau: a ɗebi jinin wanda aka sara a zuba cikin busasshiyar 'yar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga. Daga baya masana na Nijeriya da na Ingila suka haɗa kai, aka kai macizanmu makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool ana tatsar dafinsu, aka samar da allurar EchiTAb iri biyu, ɗaya daga jinin tumaki a Wales, ɗaya daga jinin dawaki a Costa Rica. Ta biyun an yi ta ne don macizan nan uku. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda duniya take saurara a wannan fanni. Amma macijin namu ne, majinyacin namu ne, allurar kuwa sai an yi odarta daga ƙetare da kuɗin waje, kwalba ɗaya takan lashe albashin ƙaramin ma'aikaci, wani majinyacin kuma sai ya sha kwalabe da dama. Wuraren da suka ƙware, irin asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe da cibiyar Zamko a Jihar Filato, tafiyar sa'o'i da yawa ce daga Abuja.

A 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce ana saran mutum kimanin 20,000 a shekara a Nijeriya, wajen 2,000 suna mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 suke mutuwa a duniya kowace shekara, ta kuma ɗauki alkawarin rage rabin wannan kafin 2030. Galibinsu manoma ne da makiyaya da yaransu, waɗanda mutuwarsu ba ta shiga jarida. A ganina, magidancin Abuja da ya san lambar mai feshi amma bai taɓa tambayar asibitin da ke kusa da shi ko suna ajiye allurar dafi ba, bai fara shiri ba tukuna. Tambayar nan da rana ake yinta, lafiya lau, ba da ƙarfe biyun dare da majinyaci a bayan mota ba.

Da rana ta take muka sauko. A bakin falalen dutsen nan kasa ta tafi, sai ɗan gurbi a cikin ganye, duk da haka dattijon ya sa muka sake zagayewa ta sama. Saurayin banki dai har muka iso gari yana nan a kan bakansa, cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba, wata rana yaro zai bi turbar nan. Dattijon ya ce yaran garinsu sun san inda ake sa ƙafa. Ban ce ɗayansu ya kayar da ɗaya ba, domin dukansu yaro suke tunani.

Kafin mu hau mota na leƙa wajen masu tukwane. Aikin nasu ya tuna mini da Ladi Kwali, 'yar garin Kwali a wannan yanki, wadda hotonta yake bayan takardar Naira 20, ta kuwa rasu a 1984. A jikin randunanta takan zana kifi da kada da ƙadangare da kunama da maciji, kowa a gurbinsa, kamar yadda ta tashi ta gan su a ƙasarsu. Na sayi ƙaramin tulu, muka yi sallama da dattijon. Ya riƙe hannuna ya ce in zan dawo in zo da takalmin mutane.

A Dutsen Alhaji na sa direba ya tsaya, na sayi dogon takalmin roba da tocila. Da na isa gida bayan magariba, kafin in shiga ɗaki sai na zagaya baya na haska. Ga tarin bulon mai gida na shekara uku, ciyawa ta rufe rabinsa. Ga murfin ramin masai ya tsage a kusurwa, tsagar da hannuna zai shige har wuyansa, ni kuwa kullum ta nan nake wucewa shanyar kaya. Na buga wa magini waya, ya ce ba shi da lokaci sai Litinin. Na ɗauko bulo biyu daga saman tarin, bayan na bubbuga su da sanda, na ɗora a kan tsagar.